Rubutun da Ya Ƙi Bin Muryar Mama

Auta dai tun tana ƙarama gara ta ɓata a hanya da ta tsaya ta yi tambaya. Yanzu shekararta arba'in, sha biyar a ciki tana gina shafukan intanet a wani ofis mai fanka ɗaya, amma halin yana nan daram.

Jin mahaifinta ne ya fara raguwa, likita ya ce saura 'yan watanni kunnen ya toshe gaba ɗaya. Shi ba abin da ya dame shi sai wani tsohon kaset na marigayiya matarsa, minti goma sha biyu tana hira tana wanke-wanke. Auta ta juye muryar, ta rubuta kalmomin, ta yi masa shafi: murya na tafiya, layin da ake faɗa yana haskawa. So yake ido ya haddace abin tun kunne yana iya raka shi.

To, maimakon ta bar burauza, manhajar da ke buɗe shafin, ta gaya mata inda sautin ya kai, sai baiwar Allah ta ƙera nata agogon, yana ƙirga daƙiƙa da kansa. Kai jama'a! Netwok ya ɗan sarƙe, murya ta tsaya, agogon Auta yana ta gudu abinsa. Baba ya leƙa wani shafin ya dawo, burauza ta rage wa agogon sauri, rubutu ya makale a baya.

"Auta, mamanku tana dariya, abin naki yana maganar tukunya."

"Wayarka ce, Baba."

Wai wayarsa! Ta canza masa waya, ta ƙara rabin daƙiƙa, ta rage, ta ɗora wa netwok laifin duniya. Wata uku cur. Abokiyar aikinta, wadda teburinsu ke manne, ta gaji da jin tsaki, ta leƙo allon.

"Ke, wace irin wahala ce wannan? Sautin ai ya san inda yake. Tambaye shi mana!"

Layi uku. Wallahi layi uku na umarnin kwamfuta ne gyaran. Haushi ya cika ta kamar ta rotsa kwamfutar da ƙasa.

Ranar Asabar ta sami Baba a falo, ta saka masa abin sauraro a kunne, ta ƙure ƙarar har ita tana jiyo Mama daga inda take tsaye. Rubutu na bin murya tiryan-tiryan. Ta ɗaga masa gira: ya yi?

Ya daɗe yana kallon layukan suna haskawa. Ya cire abin, ya jujjuya shi, ya mayar.

"Kunna muryar mana, Auta. Rubutun ne kawai ke tafiya."