Rasit ɗin da na gasa

Shekarun baya, ina koyarwa a wata sakandare a Daura, na sayi kyamara don ɗaukar hoton biki da suna ranakun Asabar. Albashi ba ya ganin ƙarshen wata, ita ce ke raka ni.

Ita kyamarar a wani katafaren kanti na Kano na saye ta, na'ura ta fito min da siririn rasit mai santsi. Gilashin da ake ɗaura mata a gaba kuwa a wurin wani ɗan tsoho mai shago a kasuwarmu na same shi. Da na nemi rasit sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, da mahaifinka muka yi makarantar allo. Takarda kake nema a wurina?"

Na ce ba ni ba ne, masu inshora ne. Ya ja tsaki, ya zura takardar kabon a littafin rasit, ya rubuta har da lambar da ke jikin gilashin.

Abokina ne ya matsa min in yi inshora, saboda kullum ina bisa babur tsakanin Mai'adua da garin Babban Mutum. Kafin in je ofishinsu sai malantata ta motsa. Mu duk takardar da muke girmamawa leda muke sa mata. Na kai rasit ɗin Kano shagon fotokofi don a manne masa leda da inji, na bar na tsohon a aljihu, don ban ga ya kai wannan matsayin ba.

Injin ya haɗiye farar takarda, ya mayar min da ita baƙa ƙirin, ko harafi ɗaya babu.

"Ai irin wannan ba ta son zafi, Malam," in ji mai shagon.

"Yanzu kake faɗa?"

"Na ga kai malami ne, na ɗauka ka sani."

Na koma Kano neman kwafi. Wata budurwa a bayan kwamfuta ta ce cikin ladabi sun canza manhaja, tsohon ciniki bai biyo su ba. A ofishin inshora jami'in ya juya baƙar ledar gaba da baya, ya ce gilashi kaɗai za su yi wa inshora, tunda shi ke da rasit.

Da damina ta sauka, babur ya zame da ni a taɓo kusa da Babban Mutum. Kyamara ta tsage, ba ta sake kunnuwa ba. Gilashin da ke da inshora ko ƙwarzane bai yi ba. Shekara guda na yi ina aron ta abokina kafin na iya sayen wata.

Ban riƙi kantin ba, sun ba ni abin da suke ba kowa. Ni ne na auna darajar takarda da girman ginin da ta fito. Yanzu duk rasit ɗin da aka miƙo min sai na ɗauki hotonsa kafin in bar kanti. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, ranar da na shiga shagon fotokofin nan, kyamarar tana rataye a wuyana.