Kwalbar Yayata da Hannun Mai Kemis

Yayata malamar kimiyya ce a jami'a, kuma ni dai tun da na san ta da aiki, kwalba ɗaya take reno. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi babban yatsa ba. A gida Uwar Kwalba muke ce mata, ita kuma sai ta yi murmushi ta ci gaba da abin da take yi.

Ni tela ce, ban san kan boko sosai ba, amma ta yi min bayani har sai da ya zauna min. A cikin kwalbar akwai ruwa, a cikin ruwan akwai ƙwayoyin roba masu tauri, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Idan kaɗan ne, yawo suke yi son ransu. Idan aka cusa su da yawa, kowace ƙwaya sai maƙwabtanta su tsare ta, kamar fasinja a motar da aka cika maƙil. Ba su jeru a layi ba, ba su kuma iya gudana. Ta ce wannan cijewar ita ce halin gilashi. Abin mamaki, wai tsufa yake yi: kullum motsin ƙwayoyin ƙara sanyi yake. Ita so take ta ga ƙarshen abin, ko wata rana za su jeru, ko haka za su dawwama a cakuɗe. Sharaɗin ɗaya ne, kada a motsa kwalbar. Da an girgiza ta, tsufan ya goge, an koma ranar farko.

Ɗakin da take ajiye kwalbar a jami'ar yana can ƙasa, babu taga. Teburin da kwalbar take kai na ƙarfe ne mai nauyin tsiya, ƙafafunsa a kan matashin iska don ko takun mutum kada ya kai gare shi. Yaya ta ƙi ƙarin girma saboda sai ta koma wani gini, a motsa kwalbar. Ranar da ta haifi autarta, tana farfaɗowa ta riƙo hannuna ta ce, "Ƙanwata, kira min 'yan wurin aikina, a duba na'urar sanyaya ɗakin kwalbar." Na ce, "Haba Yaya, ki tambayi jaririyar mana tukuna!"

Mijinta mai kemis ne. Mutum ne mai son a san da shi, ga surutu kamar rediyo. Shekara da shekaru bai taɓa leƙa wurin aikinta ba, cewa yake wasan yara ne. Sai da aka shirya mata walimar ajiye aiki, ya ji za a zo da masu ɗaukar hoto, sannan ya fesa turare ya biyo mu.

Bayan jawabai, Yaya ta sauko da baƙi su ga kwalbar. Saura mata 'yan watanni ta yi awon ƙarshe, ta rubuta abin da ta gano. Ta juya baya tana nuna musu hoton ƙwayoyin a allo. Ni ina bakin ƙofa, wallahi ina kallonsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana girgiza maganin tari kafin ya miƙa wa mai saye, hannunsa ba ya iya ganin kwalba ya ƙyale. Ya zare ta daga mazauninta, ya ɗaga wa haske, ya kaɗa ta da ƙarfi, ya buga gindinta a tafinsa.

"Dakta, ai abin naki ya kwanta," in ji shi. "Ga shi na tayar miki."

Wata ɗalibarta ta dafe kai ta zauna a ƙasa. Ni kuwa na ji ƙyamarsa, shi da turaren nasa. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Ke kuma fa? Ai ban zubar ba."

Yaya ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ƙona min rai. Ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta dube ta, farin ruwan yana gangarowa a jikin gilashin. Ta mayar da ita mazauninta a hankali, ta ce wa ɗalibar, "Tashi, 'yata. Ke yarinya ce, kina da shekarun jira. Ni nawa sun ƙare."

Ta ajiye aikin ba ta rubuta komai ba. Shi kuwa har gobe yana tsaye bayan kantarsa yana ba masu sayen magani labari, wai ya je jami'a ya tarar aikin Dakta ya daskare, da hannu ɗaya ya gyara mata, ko na gode ba ta ce ba.