Ranar Da Na Sunkuyar Da Kai A Bakin Raga

Jiya a wani gidan suna a Jakara, ina miƙa wa baƙi kunu, sai na ji an ce, "Gola, ɗago mu gaisa mana."

Yaya Hadiza ce, wadda take biya mana allo a Dala muna yara.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ni ce golar makarantarmu a ƙwallon hannu. Mun kai wasan ƙarshe da makarantar su Yaya Hadiza, ana kunnen doki, dab da tashi aka ba su fenariti. Malamarmu ta sha gaya mini in kafe idona a kafaɗar mai jifa, nan ake gane inda ƙwallo za ta bi.

Sai ga Yaya Hadiza ta tsaya gabana da ƙwallon. Ni kuwa tunda nake ban taɓa ɗaga ido tana tsaye a kaina ba. Kaina ya sunkuya da kansa. Kafin in ɗago, kofi ya tafi.

Jiya na ce, "Yaya, lokacin hannunki akwai ƙarfi."

Ta yi dariya. "Wane ƙarfi? Duk cikinmu ni ce ban iya jifa ba. Roƙo na yi a bar mini, don na san tarbiyyar da na ba ki."

Na ƙara mata kunu, idona a ƙasa.

Ban ji haushi ba. Sai dai yanzu 'yata ce golar makarantarsu, kuma ban san ina zan ce ta ajiye idonta ba. Ku me za ku ce mata?