Banwari Mai Gyaran Laima da Ranar Matarsa

Banwari mai gyaran laima ne a unguwarmu, nan Mathura ta ƙasar Indiya, a bakin hanyar da ke gangarawa kogin Yamuna. Katanga ɗaya ta raba gidansa da namu, duk abin da aka faɗa a tsakar gidansa a kunnena yake sauka. Gajere ne, ga gardamar tsiya. In ka kawo masa laima, sai ya gama yi maka faɗa kan yadda kake buɗe ta kafin ya taɓa ta.

Da damina yake samu, kuma a tsakiyarta ake bikin haihuwar Krishna, abin bautarmu, ranar takwas bayan wata ya cika, a wuni da azumi. Sai dai wasu shekarun ranar takan ratsa kwana biyu. Dangin Banwari ta farko suke bi tun kaka da kakanni. Matarsa Ramkali kuwa 'yar masu hidimar haikali ce, su sai ta biyu. Ta zo gidan miji da ɗan mutum-mutumin Krishna na tagulla, jariri mai rarrafe, wanda take kira Lala, ta kuma ƙi sakin ranar gidansu.

"Maman Sushila, yaron nan fa tun jiya aka haife shi!" in ji Banwari.

"A gidanku dai. Ku da ko gurasa ba kwa bari ta gasu."

Ran azuminsa sai ta tashi suya, ƙamshi har gidana. Ran nata kuma ya zauna gabanta yana ci yana lashe yatsu. Amma shi ke zagaye kasuwa neman kokwamba mai kara, wadda take rarakewa ta sa Lala ciki, ta yanke karan kamar cibiya. Shi ke kawo madara da zuma na wankan jariri. Har wata 'yar laima ya haɗa wa Lala, ba ta wuce tafin hannu ba.

Sun aurar da Sushila, 'yarsu tilo, a Kanpur, tsufa ya fara kama su, sai ciwon ciki ya kwantar da Ramkali. Asibitin da aka kai ta a Agra suka ce a dawo da ita gida. A shekarar ma bikin ya rabu biyu.

Da safiyar ranar Banwari na shiga goge mata jiki. Ta kira shi, muryarta da ƙyar take fita.

"Baban Sushila, ɗauko min Lala. Yau za mu yi."

Ya yi dariya. "Yau? Ke da kika ce ba mu san lissafi ba?"

"Na yarda. Taku ce daidai."

Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallonta.

"Ni ban yarda ba. Gobe ce. Gobe za ki tashi ki yi masa wanka da hannunki, ki kaɗa masa lilo. Ko kokwamba ban sayo ba."

Ya fice. Na bi shi, na same shi a soro ya jingina goshi da bango.

"Yaya, ka yi mata mana. Me zai ragu?"

"Ƙanwata, matar nan tun da na aure ta ba ta taɓa sakar min magana ba. In na ce to, na sallame ta ke nan."

Washegari da sassafe ya tafi kasuwa. Ya dawo da hantsi riƙe da kokwamba, ya tarar da mu muna kuka.

Gidan makoki ba a ibada a cikinsa, don haka ni na naɗe Lala a rigar ruwan ɗorawa da ta ɗinka masa tana kwance, na tsallaka da shi gidana. Gari ya cika da ganguna da ƙararrawa, yara sun sha ado da gashin dawisu, maza suka ratsa ta cikinsu da gawarta zuwa bakin kogi, inda aka ƙona ta.

Da kwanakin makoki suka ƙare na mayar masa da Lala. Bai san yadda ake sa masa riga ba, yatsunsa sun yi kanta da aikin wayar laima. Ya roƙe ni in koya masa, na koya masa. Tun daga nan kowace safiya nakan ji shi ta katanga yana lallashi: "Tashi, Lala, ga madara, ba ta kai tata daɗi ba, ka yi haƙuri."

Shago bai ƙara yin armashi ba. A kawo laima ya gyara, ya miƙa, ba uffan.

Sau ɗaya ya tambaye ni, muna tsaye a ƙofar gida.

"Ran nan da na fita, ta ce wani abu?"

"Ruwa ta nema, ta sha, ta yi barci."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

Ya gyaɗa kai ya shige.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, Sushila ta zo ta tafi da shi Kanpur, Lala na cikin aljihun rigarsa. Can ya rasu da sanyin da ya biyo baya. Shagon yanzu wani mai sayar da shayi ne a ciki.