Ƙurar da Muka Tankaɗe da Rariya

Ranar wata Alhamis da hantsi, a kakar shekarar da aka yanke mana jiharmu ta Zamfara, muna aji biyu a firamare muna rera lissafi kamar kwaɗi, sai muka ji wani gurum! daga wajen tashar jirgin ƙasa. Malaminmu ya ce kowa ya zauna. Kafin ya rufe baki ni har na dira ta taga, don a lokacin shekaruna bakwai, kuma duk Kaura ba yarinyar da ta kai ni son ganin abin da bai shafe ta ba. Ina isa na tarar wurin ya yi fari fat, mutane na gudu ba a gane na gida da baƙo. Wani tsohon sito ne ya rufta, wanda ake jibge garin maganin ƙwari a cikinsa tun kafin a haife ni. 'Yan dako suna cikin yi wa motar kasuwar Shinkafi lodi bango ya zauna, rufi ya biyo shi, ya danne mutum ɗaya: Ɗanjumma na Moriki, wanda ke ɗaukar buhu biyu a ka yana shan rake.

Babanmu na cikin waɗanda suka fara isa. Mai awon hatsi ne a kasuwa, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu, ladanin da bai taɓa neman lasifika ba. Mu dai a gida mun yarda cewa idan ya kira azahar har mutanen Birnin Tsaba sukan tashi alwala. Shi da maza kamar goma suka shiga tono da hannu, kowane buhu suka ja sai ya fashe ya feso musu gari a fuska. Wani ya miƙa masa ƙyalle ya ɗaure hanci, bai jima ba ya kwance ya yar, domin shi ne mai kira. Yakan cika ƙirji da iska ya ƙwala, "Ɗanjumma!" sai kowa ya yi tsit a saurari inda nishi ke fitowa, a matsa can, ya sake cika ƙirji. Haka suka yi har rana ta karkata. Da aka jawo Ɗanjumma da rai, fari sol kamar an tsoma shi a ƙullu, abin da ya fara tambaya shi ne ina hularsa. Ni kuwa duk wannan lokacin ina gefe da sauran yara muna shafa garin a fuska, muna bin juna da gudu wai mu fatalwa ne.

Kowa ya san garin nan dafi ne, ba wanda ya musa. Amma kowa ya san kuma cewa nono na kashe dafi. Nan take aka tare matan Fulani masu tallar nono, aka juye ƙorensu kaf. Baba ya shanye ƙwarya guda a tsaye. Ni na sha ludayi uku, na ce nawa dafin ya fi na kowa ƙarfi sai an haɗa mini da fura. Wani dattijo ya dube mu ya goge gemu ya ce, "Shi ke nan, dahi ya mutu, kowa shi tahi gida." Muka tafi gida muna gyatsa, mun warke.

Washegari Inna ta yi tunanin da duk matan unguwa suka yi: ga maganin ƙwarin wake kyauta a zube a ƙasa, ga kaka ta yi, ga wake a buhu. Aka ba mu kwanoni muka yi ta jida. Da yake garin ya gauraya da ƙasa da ɓarɓashin rufi, sai aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka ɗauko rariya, kwana uku muna tankaɗe, ni ce sarkin bugu. Baba da kansa ya shiga ɗakin ajiya ya rufo ƙofa don kada iska ta kwashe, ya cakuɗa shi da waken buhu bayan buhu. Shekarar nan ko ƙwaro ɗaya bai leƙo mu ba. Tururuwa ta yi hijira, kyanwarmu ta koma gidan maƙwabta ba sallama, kaji huɗu suka mutu muka ce annoba ce ke yawo. Inna har yabo ta sha a gidan suna saboda kyan wakenta.

Daga nan muka manta. An share wurin, ciyawa ta fito, awaki suka maida shi wurin kiwo. Baba ya fara wani ɗan tari, irin na gyaran murya, ba wanda ya kula. Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da masallacinmu ke cika har sahu ya kai bakin titi, rannan yana kiran la'asar muna Islamiyya muka ji ya tsaya a tsakiya. Shiru. Sai tari, sai tari. Can wani ya karɓa ya ƙarasa da wata 'yar murya kamar ta ɗan akuya. Mun yi dariya har malama ta ɗauko bulala, kuma da na koma gida na kwaikwaya wa ƙannena, da tarin da komai. Wannan kwaikwayon har yau yana tsaya mini a rai.

Abin da ya biyo baya ni dai ban gane kansa ba. Kakarmu ta ce iskokin sito ne Baba ya tone musu gida. Inna ta ce sanyi ne, ta hana shi ruwan randa. Mai kemis ya ce asma. Maƙwabta suka ce tarin fuka, aka ware masa kofi da kwano. An sha zuma, an sha citta da tafarnuwa, an yi hayaƙi har gidan ya koma kamar wurin gashin kilishi. Kowane magani sai ya yi aiki kwana biyu, na uku tari ya dawo da ƙarfinsa. Ɗanjumma mai buhu biyu ya koma ba ya iya kai tiya biyar bakin mota sai ya huta. Ɗaya daga cikin masu tonon ya rasu da irin wannan tarin, aka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Ni ma idan muna 'yar gala-gala sai ƙirjina ya riƙa fito, ƙawayena suka sa mini suna Jirgin Kaura.

Bara aka kai mu asibiti a Gusau, ni da shi, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga na Baba ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko ya taɓa aikin fasa dutse ko haƙar ma'adini. Baba ya ce shi mai awo ne. Ya ce to wace ƙura ya shaƙa haka? Muka dubi juna. Inna ce ta tuna, ta fara ba da labarin siton, tana zuwa kan rariya muryarta ta yi ƙasa. Likita ya ce ƙurar ta yi wa huhun tabo, magani zai sassauta amma ba zai mayar da shi yadda yake ba, ni kuma a riƙa kawo ni ana dubawa. Baba ya gyara zama, ya tattaro numfashi, ya ce, "Amma likita, ai mun sha nono." Likita ya sunkuya yana rubutu.

A makaranta an koya mana cewa hanyar abinci daban, hanyar iska daban, na zana su har na ci maki. Duk da haka kaina bai ɗauka ba. Yaya ƙurar da aka share shekara goma da suka wuce, wadda ruwan sama ya wanke, awaki suka yi kiwo a kanta, za ta zauna a ƙirjin mutum tana jira? Kuma yaya wanda ya fi kowa ƙoƙari a ranar shi ya fi kowa shan wuya? Na tambayi Baba ko yana da-na-sani, ya girgiza kai ya nuna mini Ɗanjumma da ke tahowa a hankali riƙe da hannun 'yar jikarsa.

A da idan na yi ɓarna, tsawar Baba kan riga ni isa ƙofar gida, unguwa duka ta san ni Balki na sake. Yanzu magana tsada take yi masa, yakan zaɓi wadda zai faɗa ya bar sauran, idan yana son ruwa sai ya ƙwanƙwasa kwano. Makon jiya da gangan na kwance akuya ta shiga buhun dawarsa, na tsaya a gabansa ina jira. Ya ɗaga yatsa, ya ja iska, ya ja, sai kawai ya sauke hannun ya yi mini murmushi. Ban taɓa zaton zan yi kewar faɗa ba.