Jirgin Mutane a Bakin Kogin Dodanni

Autata ta dawo hutu daga jami'a da kwamfuta a jaka, da wani abin toshe kunne mai faɗin murfin kwano. Ni kuwa tun kafin ta iso nake tanadin hira, don tun rasuwar babanta mu biyu muka rage a gidanmu na Yelwa. Ta zo, ta gaishe ni, ta ci tuwo, ta shige ɗaki. Har hutu ya raba tsakiya abin da na samu daga bakinta bai wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na yi faɗa, na yi habaici, har ciwon baya na ƙarya na yi. Ta shafa mini man zafi da hannu ɗaya, idonta na kan kwamfutar.

Ran nan bayan la'asar na ɗaga labulenta ba sallama.

"Wai mi ke cikin akwatin ga da ya hi uwarki daɗin hira?"

"Wasa ne, Inna."

"To matsa. Ni ma ina wasa."

Ta dube ni kamar na ce zan hau babur in yi acaɓa, amma ta matsa. Na koyar da 'yan firamare har na yi ritaya, don haka na zauna da gadarar babu abin yara da zai gagare ni.

Da farko aka ce in zaɓi sana'a: mayaƙiya, matsafiya ko ɓarauniya. Na ce ashe akwai ƙasar da ake zaɓen sata da rana tsaka. Tsafi kuma na yi a'uziyya, na ɗauki takobi. Sai ga ni a wani ƙauye mai duwatsu, ba na ganin kaina, sai hannuwana biyu a gabana. Ta ce yatsun hagu ke tafiya, hannun dama ke juya wuya. Sai dai hannuwan nawa ba su taɓa jin labarin juna ba. In na tashi tafiya sai in kalli sama, in na sauko da kai sai in ga na kafa goshi a bangon wani. Ba a jima ba jiri ya ɗebe ni. Ni 'yar masunta, da aka goya a cikin jirgi, ga ni zaune daram kan katifa ina neman lemun tsami.

Da na iya miƙe hanya kuma sai tarbiyya ta cuce ni. Ba na iya wuce mutum ban gaishe shi ba, su kuwa mutanen ƙauyen duk wanda ka gaisar sai ya aike ka. Wannan ganyen magani, wancan awakinsa sun ɓace. Auta ta ce ana iya ƙi. Na ce tsoho mai furfura zan cewa ba zan je ba? Haka na yi ta zirga-zirga da takobi a hannu ina kiwon awaki, dodon da aka ce in kashe yana can ƙetaren kogi yana hutawa.

Rannan dai muka isa bakin kogin. Ga kwale-kwale ɗaure a turke, da raga a ciki, ga wata bukka tana hayaƙi.

"Shiga, Inna, ki haye."

"Na wa ne?"

"Ba na kowa ba ne. Don ke aka aje shi."

"Ke ɗiyar ga, jirgi da raga ciki, an ɗaure shi da igiya, ki ce ba na kowa ba?"

Na je ƙofar bukkar na tsaya, ba wanda ya fito. Rana ta faɗi a cikin wasan, ta sake fitowa, ina tsaye. Da ta dame ni na ce to aro ne, na shiga. Tuƙin bai ba ni wahala ba, na haye lafiya. Ina sauka na juya wuya da ƙyar, sai na hango hayaƙin bukkar can nesa, ga jirginsu nan a ƙafata. Raina bai ba ni ba. Na koma ciki na mayar musu da abinsu.

"Inna, to yanzu kin dawo inda kika taso!"

Gaskiyarta. Na sake hayewa, na sake waiwayawa, na sake dawowa. Ina cikin tunanin ko akwai wani jirgin da zan jawo a baya, sai na ji tim. Auta ce ta faɗo daga katifa tana riƙe da ciki, hawaye na zuba. Rabon da in ji wannan dariyar tun babanta na raye. Na ɗaure fuska na ce ba ta da kunya, amma zuciyata fari fat.

Da ta samu numfashi ta ce, "Don Allah, Inna, mene ne abin damuwa a jirgin wasa?"

Sai na ba ta labari. Ina yarinya a tungarmu wajen Ngaski, wasu matafiya masu saurin cin kasuwa suka kwance jirgin babana da sassafe, suka haye, suka bar shi can. Ba su sace ba, a ganinsu aro suka yi. Amma ranar ba a duba raga ba, kifin da ya kamu ya ruɓe a ruwa, muka kwana da gayan tuwo. Babana bai zagi kowa ba. Ya dai zauna bakin turke yana kallon igiyar da aka bari, kuma wannan zaman nasa har yau ina ganinsa.

Ta zare abin kunnen daga wuyanta ta aje.

"Ban taɓa jin wannan ba."

"Kin taɓa tambaya?"

Nan ta fara jero tambayoyi. Wane irin mutum ne kakan nata? Ni ma na iya jefa raga? A ina babanta ya fara ganina? Kwamfutar ta gaji da jira ta rufe idonta, ba wadda ta kula. Mayaƙiyata dai ba ta taɓa ganin dodon ba, har yau tana wannan gaɓar.

Ranar komawarta na tashi da nauyin zuciya, na ɗaure mata busasshen kifi da yaji. Na fito da su sai na tarar jakarta ba a haɗe ba, ita kuma ta yafa gyale.

"Inna, karatu sai mako mai zuwa za a fara sosai. Ki kai ni tungar nan in gani."

Na juya kamar mai neman takalmi, don kada ta ga idona. A jirgin haya muka tafi, kuma tun daga bakin ruwan Yelwa take zuba surutu, har sai da na ce ta bari in huta. Ba ta bari ba.