Ƙwaryar da Aka Hana Bugawa

Jiya ina wanke-wanke wata ƙwarya ta suɓuce mani, ta kife a kan ruwan baho, ta yi "dum". Na tsaya da kumfa a hannu. Wannan ƙarar ita ce muryar Gwaggo.

Gwaggo, Allah ya ji ƙanta, yayar babana ce. Fura take sayarwa a tashar Jibiya, inda manyan motocin hatsi ke yin layi kafin su wuce Maraɗi. Fura kaɗai ba ta riƙe gida, balle da damina in hanya ta yi sanyi. Shi ya sa ranar kasuwa da la'asar take koyar da kiɗan ƙwarya a tsakar gidanmu. Matan direbobi da na 'yan dako ke zuwa, wasu tun daga ƙetaren iyaka a bayan babur, kowace da ɗan hasafinta, gero ko sabulu. Burinsu su iya, su riƙa samun na kashewa a gidajen biki da suna.

To, amma Gwaggo fa sai ita! Mace ta sha hanya ta zo, sai a ajiye mata masaki cike da ruwa, a miƙa mata ƙaramar ƙwarya a ce ta kifa a kai. Darasin ke nan. Ta kifa, ta ɗaga gefe kaɗan iska ta fita, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Gwaggo na can tana tankaɗe, ko waiwayowa ba ta yi.

"Ba ta zauna ba. Sake."

Haka za a yi ta yi, gida duk ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙwarya, har a kira magariba. Sati uku, sati huɗu, ba a ba mace makaɗi ba. Mata suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa abin yana ci mani rai, don duk satin da ba su zo ba, miyar gidanmu lami ce. Ran nan na kasa daurewa.

"Haba Gwaggo, ki bari su buga mana! Su fa suka kawo abinsu."

"Ke ɗiyar nan, wadda ba ta ji ruwa ba mi za ta buga? In na mutu hayaniya zan bar maku?"

Ni kaɗai na rage cikin masu koyo, kuma ba don haƙuri ba, don gidanmu ne, ba inda zan gudu. Sai da damina ta zagayo sannan wata rana ƙwaryar ta zauna, na ji sautin a cikina tun kafin ya iso kunnena. Gwaggo ta ajiye rariya ta ce, "Yauwa." Iyakar yabon da na taɓa samu ke nan. Da ciwo ya kwantar da ita ta ba ni ƙwaryar, ta ce kada in bari ta tsaya a hannuna, in sa ta a hannun wata.

Yau ni malamar firamare ce, albashin ba ya kai mu tsakiyar wata. Bana wata makarantar kuɗi ta ɗauke ni in riƙa koya wa 'yan mata kiɗan ƙwarya ranar Asabar, saboda bikin al'adu na ƙarshen zango. Na yi murna ƙwarai, na ce ga ƙarin abin cefane, ga sauke wasiyya. Cikin yaran akwai wata shiru-shiru wadda in ta kifa ƙwarya sai ta karkata kai tana saurare. Ita na ba ƙwaryar Gwaggo.

A sati na biyu shugabar makarantar ta leƙo, ta ga siminti jagab, riguna sun jiƙe.

"Malama, kiɗa ne ko wanki? Ba mu da wannan lokacin. Mun samo kiɗan a waya, a lasifika za a sa. Ke dai ki koya masu ɗaga hannu tare, amma kada su taɓa ƙwaryar su ɓata sautin. Ruwa kuma a masakin gaba kawai, don hoto."

Na buɗe baki, na tuna tukunyar gidana, na ce, "To, Hajiya." Gwaggo da ba ta yi boko ba ta yarda ta sha miya lami. Ni mai takardar shaida, ko musu ban yi ba.

Asabar ɗin da ta wuce muka yi gwajin ƙarshe. Yarinyar nan ce a gaba, gaban masaki mai ruwa. Kafin a kunna lasifika na ga ta ɗaga gefen ƙwaryar Gwaggo kaɗan, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Dum. Ta zauna! Ta ɗago tana kallona, tana jiran abin da zan ce. Shugabar na tsaye a bakin ƙofa.

Na ce, "Ke, ɗaga hannunki."